Mariƙin Ƙarya

Yayata ba ta iya rufe ƙofar mota irin ta mutane ba. In ta shiga tasi ɗina sai ta jawo ƙofar a hankali har ta ji ƙas ɗin farko, ta dakata, ta ƙarasa ta ji na biyu, sannan ta buɗe ta sake rufewa. Ni kuwa ga fasinja na tsaye a rana suna hararata.

"Yaya, don Allah mana."

"Makullin nan na jin ƙishirwar giris," in ji ta. "Kai dai ba ka san komai a mota ba sai hon."

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Babanmu ya rasu tun ban yi wayo ba, ita ta goye ni, don haka har yau da furfura ta fara leƙo ni a gemu, in ta ɗaga gira sai na gyara tsayuwa. Kawu, ƙanen Innarmu, shi ne foman a kamfanin haɗa motoci, shi ya samar mata shara a can. Tana shara a ƙarƙashin layin ƙofofi tana satar kallon masu ɗaura makulli, har ranar da wani ya yanke a hannu aka rasa mai tsayawa a gurbinsa, ta jingine tsintsiya ta ce a ba ta. Ba ta sake taɓa tsintsiyar kamfani ba. Mijinta ya tafi neman aiki wani gari, ya samu aikin, ya manta hanyar gida. Sai ya zamana ita ce mijin ita ce matar, a ɗaki biyu na gidajen ma'aikata, da famfo a bakin ƙofa, ita da Inna da 'ya'yanta mata biyu. Ɗakunan na kamfani ne, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare, kowa ya san wannan.

Aikin nata ido ba ya ganinsa. Ƙofa na zuwa mata a rataye jikin sarƙa, fanko, ba gilashi ba roba. Sai ta zura hannu ta wani rami har gwiwar hannu, ta zaunar da makulli a gefen ƙofar, ta ɗaure shi, sannan ta laluba ta maƙala masa waya biyu. Ɗaya ta tafi mariƙin waje, ɗaya ta tafi mariƙin ciki. In ka ja mariƙi, wayar ce ke jan makulli ya saki ƙarfen da ya cafke a jikin mota. Wuyan hannunta duk tabon bakin ƙarfe ne, awarwaro ma ta daina sawa.

Suna da wata ɗabi'a a layin, wadda ba manajan da ya kafa ta. In an kafa ƙofa a jikin mota, wanda ya ɗaura makullin shi ne zai shiga ya rufe kansa a ciki, ya buɗe da hannunsa ya fito. Zaman kaso suke kiran abin. Nakan tsokane ta in ce ba ɓarawon da ya kai ta yawan zaman kaso, ta ce kuma ba wanda ya taɓa yin belinta, da kanta take fitowa.

Ana nan sai wani ɗan kwangila ya ba kamfanin aikin ƙananan bas-bas na ɗaukar lebura zuwa wajen fasa dutse, can nesa da gari. Da safe kafin jiniya Kawu ya tara 'yan layin ya yi musu bayani. Ƙofofin baya za a ɗaura musu komai kamar kullum, har mariƙin ciki, sai dai wayarsa ba za a maƙala ta a makulli ba, a bar ta a sake a cikin ƙarfe. Ba kuma zaman kaso a waɗannan.

Wani ya tambayi dalili. Kawu ya ce mai motocin ya ce leburorinsa na dirowa a hanya in suka ga nisan inda za a kai su.

Yaya ba ta ce komai a gaban mutane ba, don ba ta taɓa musu da Kawu a bainar jama'a ba. Sai da aka watse ta bi shi ɗan ofishinsa na katako, ta durƙusa kamar yadda take yi masa a gida, da rigar aiki da komai.

"Kawu, a yi mini afuwa, wannan kam ba zan iya ba."

"Me ne ne ba za ki iya ba? Aiki ma aka rage miki. Motar 'yan sanda nawa kika yi wa ƙofa a layin nan? Ta ciki suke buɗewa?"

"Waɗancan ba mariƙi ko ɗaya, Kawu, shafe suke. Wanda aka sa a ciki ya san abin da ya shiga. In haka mai motar ke so, a cire mariƙin a toshe gurbinsa, yanzu zan yi."

Kawu ya sosa ƙeya. Ya ce an kawo wannan shawarar, mutumin ya ƙi. Wai in lebura ya leƙa ya ga ƙofa ba mariƙi, ba zai shiga ba.

"To ka ji," ta ce. "So yake in ɗaura abin da zai ce wa mutum shigo, ga hanyar fita nan. Ran da motar ta kife ko ta kama wuta, ya yi ta ja, abu na tafiya a hannunsa sakwaf, ba komai a bayansa. Ni na san yadda mariƙi mara waya yake a hannu, Kawu. Ba zan sa wa ɗan wani ba."

Aka mayar da ita wanke gilashi a ƙarshen layi, wai ta yi tunani. Da yamma Kawu ya zo gida ya kai ƙara wajen Inna, aka aika aka kira ni, ni da ba a taɓa neman shawarata ko a kan gishiri ba. Na kuwa zo da zafina. Na ce mata leburorin nan ko sunanta ba su sani ba, in ba ta yi ba wani zai yi kafin ta kai bakin get, motocin za su fita ko da ita ko ba ita. Na nuna mata Inna da ciwon ƙafa, na nuna mata yaran, na nuna mata famfon. Na ce wa za ta burge? Har yanzu ina ganin ba ƙarya a maganata ko ɗaya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Tana tsince shinkafa a tire, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka gama, Auta?"

"Ban gama ba!"

"To ci gaba, ina ji. Amma hannun nan nawa ne, ba naka ba ne, ba na Kawu ba ne. Wani ya yi, shi ya sani."

Inna ta ce, "'Yar nan, ina za mu?"

A nan ne kawai na ga hannun Yaya ya tsaya a cikin tiren. Sannan ta ce ba ta sani ba tukuna, kuma ba za ta yi wa Inna ƙarya ta ce ta sani ba.

Manajan kamfanin ba mugun mutum ba ne, wannan Yaya da kanta take faɗa. Bayan 'yan kwanaki ya sauko layin da kansa, ya sa aka kira ta. Ya ce ya san shekarunta a wurin, ba ya son rasa ta. Ya ce su ƙera mota suke, ba su ke tuƙa ta ba, abin da mai ita ya yi da ita tsakaninsa ne da hukuma. Amma ba zai yiwu ma'aikaci ya riƙa zaɓen aikin da zai yi ba, don gobe kowa zai zo da nasa. Ya ce ta yi ƙofa ɗaya tak yadda aka ce, a gaban kowa, magana ta mutu, ya mayar da ita kan ƙananan motoci, ba za ta sake ganin bas ɗin nan ba.

Wallahi da ni ne da na karɓa har da godiya.

Waɗanda suke wurin sun ce ta goge hannu a rigarta ta ce a kawo ƙofar. Kawu ya sauke ajiyar zuciya. Ta zura hannu, ta zaunar da makulli, ta ɗaure, ta laluba a ciki kamar kullum, ba mai ganin abin da yatsunta ke yi. Aka kafa ƙofar a jikin bas. Kafin wani ya yi magana ta taka ta shiga, ta jawo ƙofar, ƙas, ƙas. Layin ya yi tsit, sai ƙarar sarƙa. Suna hango ta ta gurbin gilashi a zaune a kan ƙarfen da ba a sa wa kujera ba tukuna, ta ɗora hannu a gwiwa kamar mai jiran direba. Sannan ta ja mariƙin ciki, ƙofar ta buɗe, ta sauko.

"Ranka ya daɗe, irin wadda na iya ke nan," ta ce. Ta tuɓe safar hannu ta ajiye a kan teburin aiki, ta durƙusa ta ce wa Kawu ya yafe mata, ta nufi get.

Ba wanda ya bi ta, ba wanda ya tafa. Kowa na da nasa ɗaki biyun. Kafin azahar an zare wayar da ta maƙala, bas-bas ɗin kuma sun fita daga kamfanin a kan lokaci, ina ganinsu a hanya har yau.

Ranar da muke kwashe kaya na kawo tasi ɗina da wata akori-kura ta abokina. Ɗakina ɗaya ne a bayan gareji, nan za su shiga su huɗu, ni in koma kwana a benci a shagon mai faci. Ina ɗaure katifa ina ƙunƙuni, ina so ta ji, ita kuwa ta mayar da ni rediyo. Inna na zaune a kan kujerar roba a waje tana kallon famfon, ba ta ce wa kowa uffan ba tun safe. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai, kuma na san ya fi cin ran Yaya, don sau biyu ta zo wucewa ta gabanta ta canja hanya.

Sai ga Kawu a kan kekensa, ya baro aiki da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaida Inna, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Manaja ya ce ɗakin ba a ba kowa ba tukuna. Kalma ɗaya ce, ki ce a yi haƙuri, za ki bi umarni. Ni na roƙe shi. Ban taɓa roƙon kowa a kamfanin nan ba."

Yaya na riƙe da ƙafar gadon Inna, ɗaya gefen na ƙasa. Na ga idonta ya kawo ruwa, ni ma na kau da kai. Ta dubi Inna. Inna ta dafa sandarta ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi.

"Wace motar zan shiga, Auta?" ta tambaye ni.

Yaya ta share ido da kafaɗa, don hannunta biyu na riƙe da gado.

"Kawu, kama mini can gefen, ya yi mini nauyi."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana. Sai ya kifa hularsa a ka, ya sunkuya ya kama, suka fito da gadon a karkace don kada ya bugi bango.