Baƙar Tsabar da Ta Fito Daga Ƙafar Ƙanina

Shekarun baya ne, lokacin da taki ya gagari manomi, hawa mota ya zama sai dole, wasu gidajen ƙauyenmu suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. A lokacin ƙafar ƙanina ta dama ce ke riƙe da gidanmu: gona uku, matarsa, 'ya'yansa huɗu, da mahaifiyarmu. Ni ina harkar hatsi a kasuwar Ɗambatta, ina kawo nawa taimakon, amma shi ne mai noma. In ƙafar nan ta tafi, duk waɗanda na lissafa sun shiga uku.

Abin ya fara da ɗan kumburi kusa da yatsu, mai tauri kamar goro. Ba ya ciwo, saboda haka ba wanda ya kula. Da damina ta wuce sai ya girma, ya huhhuje, yana tsiyayar ruwa, a cikin ruwan kuma ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi kamar habbatussauda.

Na kai shi babban asibiti a Kano. Likitar fata, wata mace mai natsuwa, ta daɗe tana latsa wurin, sannan ta tambaye shi ko ƙaya ta taɓa sokarsa a nan. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, manomi ake tambaya ƙaya?" Ta ce tana so a yanki ɗan nama, wanda bai kai ƙwayar wake ba, a kai ɗakin gwaji, domin ciwon iri biyu ne, kowanne da maganinsa, ba za ta rubuta magani a kan zato ba. Ƙanina ya ce sai ya tambayi Baffa.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne, shi ne babba a gidan tun da mahaifinmu ya rasu. Kafin mu dawo har ya samo wani mai magani. Mutumin ya matse ƙafar, ya tara baƙaƙen ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya ce ga shi nan, jifa ne, wannan tsabar aka shuka masa a jiki. Ba a sha wahalar neman wanda ya yi ba. Akwai maƙwabcinmu na gona da suka taɓa cacar baki da Baffa a kan layin gambar da ya raba gonakinmu. Shi ke nan, an samu mai laifi. Baffa ya zuba ƙwayoyin a wata 'yar kwalbar turare, yana yawo da ita a aljihu, yana nuna wa mutane a ƙofar masallaci.

Na same shi a soro na yi masa bayani irin namu na 'yan kasuwa. Na ce, Baffa, ni ban taɓa sayen buhu ba sai na soka masa ƙarfe na ga abin da ke ciki, ko da ɗan'uwana ne ya kawo. Abin da likita take so ta yi ke nan.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To Alhajin birni, ƙanin naka buhu ne?"

Ya ce in ƙarfen asibiti ya taɓa jifa, bin jiki yake yi, kuma muddin yana raye ba za a yanki naman ɗan yayansa a kai wa wasu su ajiye a kwalba ba. Na ce ai askar da wanzami ya yi wa ƙanina tsaga da ita yana jariri ma ƙarfe ce. Ya ce kasuwa ta cinye mini ladabi.

Ni da nake iya kwashe rabin yini ina jayayya a kan cikon mudu, na sunkuyar da kai na ce Allah ya huci zuciyar Baffa. Na gaya wa kaina cewa zan bari ya sauko, in sake tayar da maganar. Sai da na yi shekara cur ina jiran ya sauko. A shekarar nan an yi hayaƙi, an yi tsaga, an ɗaura saiwa iri-iri, ƙafar tana ƙara zama kamar turmi.

Da kaka na zo ɗaukar gero, na tarar da ƙanina a zaune a bakin gona, wasu na yi masa girbi, ƙafar a naɗe da tsumma domin ba takalmin da ke shigarta. Da na shiga gaida mahaifiyata, ba ta amsa gaisuwar sosai ba. Ta ce, "Ka kai shi. In Baffanku ya yi faɗa, ka ce ni na sa ka."

Kunya ta kama ni, domin bai kamata sai ta faɗa ba.

Washegari na ce wa Baffa akwai wani masani a Kano da yake so ya ga tsabar nan da idonsa. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi irin masanin ba. Har da murna ya miƙo mini kwalbar. Na sa ƙanina a gaban motar da ta ɗauki buhunana muka tafi.

Likitar ta gane mu. Ta dubi kwanan watan da ke kan katin, ta dubi ƙafar, ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan kallon. Aka yanki naman, aka ɗauki hoton ƙafar. Mutumin ɗakin gwaji ya karɓi kwalbar Baffa, ya murƙushe ƙwaya ɗaya ya sa a ƙarƙashin madubinsu mai ƙara girman abu, ya ce Alhaji zo ka gani. Na leƙa. Zare-zare ne a cukurkuɗe. Ya ce dangin fumfuna ce, irin wadda ke kama hatsi in ya sha danshi, amma wannan a ƙasa take zaune, ƙaya ce ke shigar da ita jikin mutum. Ni da na ƙare rayuwata ina gudun fumfuna a buhu, ta shekara biyu tana cin ɗan'uwana a gaban idona.

Da sakamakon ya fito likitar ta ce, "Bara nama kawai ta ci. Da an cire wurin ya sha magani, da yanzu yana gona. Yanzu ta shiga ƙashi."

Suka yanke rabin ƙafar, suka bar masa diddige. Ya yi wata da watanni yana shan magani.

Ranar da muka dawo gida, Baffa ya leƙo ya dubi bandejin ya ce, "Ai na faɗa. Ƙarfe ya taɓa." Na miƙe na fita, domin in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa ƙanin uba. Har ya koma ga Allah bai canza magana ba. Allah ya jiƙansa, na yafe masa, amma in na ce raina ya daina ɓaci na yi ƙarya.

Maƙwabcin nan kuwa ni kaɗai na je na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma in sani shekara guda matarsa ba ta iya zuwa suna ko biki a unguwar ba, mata na janye 'ya'yansu in ta wuce.

Har yau in na ga an ce ana girmama babba alhali mara lafiya na ruɓewa a ɗaki, jinina tafasa yake. Kuma fushin nawa ya fi yawa a kaina. Baffa bai sani ba. Ni na sani, na ji daga bakin likita, na zaɓi kada a ce ba ni da kunya.

Ƙanina yanzu yana zaune a rumfata yana auna wa mutane hatsi, yana cusa tsumma a gaban takalminsa na dama. Gona biyu an ba wasu aro, ɗaya ɗansa ke nomawa. Abin da muka tsira da shi diddige ne. Abin da muka rasa: yatsu biyar, damina biyu, da maƙwabcin da yanzu tsakaninmu da shi sai sallama daga nesa. An dai ce ina da ladabi.