Duna, Karen Da Yaya Garba Ya Bar Mana Amana

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Garba, a Gashua. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, domin shi ba mai son a yi ta ambatonsa ba ne. Bana shirun ya gagare ni. Na san wasu masu karatu za su yi dariya, wasu su ce tsufa ya fara taɓa Audu, saboda maganar kare ce na kawo. A yi dariyar, ni dai raina a ɓace yake.

Mu uku ne wurin mahaifinmu: Yaya Garba, ni, sai autanmu Habu. Yaya ya yi shekaru a Kudu yana aikin gadi da karnuka, a can ya koyo horar da su. Da ya dawo gida ya kafa turken shanu a bayan gari, ya samo wani ɗan kwikwiyo baƙi wuluk ya sa masa suna Duna. Nan da nan unguwa ta ɗauki surutu. Wani maƙwabci har zaure ya zo ya ce ba za su yarda kare ya riƙa goga musu jiki suna hanyar masallaci da alwalarsu ba. Yaya bai yi musu ba, cewa ya yi a ba shi wata uku.

A wata ukun nan na ga haƙurin da mu da muka taso a hannunsa ba mu samu ko rabinsa ba. Kullum da hantsi yakan kifa tsohuwar tasa a ƙasa, ya sa Duna ya ɗora ƙafafun gaba a kanta. Sai ya riƙe guntun bandar kifi daidai ɗinkin wandonsa na hagu, ya gusa taku ɗaya. In karen ya zagayo da ƙafafun baya bai sauke na gaba ba, ya ci kifi. In ya sauka, a koma farko, ba tsawa ba duka. Daga baya aka janye tasar aka koma bin jikin katanga, karen na tsakanin Yaya da bango, don kada ya saba tafiya a karkace. Karatun duka kalma biyu ne, “Gefe” da “Juya”. Na taɓa yi masa tsiya na ce dattijo da gemunsa yana rawa da kare a kan tasa. Ya ce ni ma da da kifi aka koya min karatu da na fi haka.

Hagu ya zaɓar wa Duna don hannun dama ya zauna na gaisawa. Idan ya juya zai ba mutum hannu, karen yakan kewayo da bayansa ya manne da ƙafarsa ta hagu, kansa daidai gwiwa, idonsa a fuskar mai shi. Bai taɓa shiga tsakanin masu gaisuwa ba, bai taɓa shinshina rigar kowa ba. Haka suke ratsa kasuwar Gashua ba igiya. Maƙwabcin nan da ya kawo ƙara shi ne ya koma kiran baƙinsa su zo su sha kallo.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya, ya sa ni da Habu muka koyi kalmomin. Ni Duna raina ni ya yi, in na ce “Gefe” sai ya yi hamma. Habu kuwa kwana biyu ya ƙware. Ana saura 'yan kwanaki ya cika, Yaya ya kira mu ya ce, “Shanu da gida akwai masu raba muku. Duna ne ba shi da kowa. Ko ka tafi da shi Nguru, Audu, ko ku kai shi rugar Jauro Buba.” Jauro Buba amininsa ne, makiyayi a wajen Jakusko. Muka ce mun ɗauki amana.

Ashe ya san abin da yake faɗa. Ranar rabon gado malamin da ya zo rabawa ya bi komai har butar alwala, da aka zo kan kare ya ce wannan ba a yi masa farashi, ba zai sa shi a rabo ba, mu san yadda za mu yi da shi. Na tuna gidan hayar da nake ciki a Nguru da bakin maƙwabtana, sai na sunkuyar da kai. Habu ya ce shi zai kai shi ruga. Na ji sanyi har da sa masa albarka. Wannan laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Shekara shida da ɗoriya, duk sanda na tambaya Habu yana da labari. Yau Duna ya yi ƙiba, gobe ya kori ɓarawon tumaki, wata rana an ce ya fara furfura a baki. Har gaisuwar Jauro ya taɓa kawo min.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai ga Gashua ta yanzu. Samari na kallon horon karnuka a waya, masu hali na sayo karnukan ƙasar waje su ɗaure da sarƙa a rana suna haushi har muryarsu ta dushe. Habu ma yana da ɗaya a sabon gidansa, abinci ma daga nesa ake tura masa da sanda. Ina jin Yaya ba zai yi faɗa ba, tambaya zai yi ko akwai tsohuwar tasa a gidan.

Watan jiya na haɗu da Jauro Buba a kasuwar shanu ta Nguru. Bayan mun gaisa na ce, “Jauro, ya Duna? Yana nan da rai?” Ya ce, “Ai ni nake son tambayarka, Malam. Marigayi ya ce za a kawo min shi. Na jira har na gaji, na ce kai ka riƙe shi.”

Washegari na hau motar Gashua, na sami Habu a shagonsa. Bai yi gardama ba. Ya ce karen ya kwanta a ƙofar ɗakin Yaya yana kuka, mutane na cewa ba alheri ba ne, ga damina ta ɓata hanyar Jakusko. Sai ga masu sayen karnukan nan da ke zuwa da mota mai kejin waya, su tafi da su can inda ake cinsu. Ya sayar musu da shi, kwana uku da komawata Nguru bayan rabon gado.

“Yaya Audu, kare ne fa,” in ji shi. “Kai ma ai ba ka ɗauke shi ba.”

Na haɗiye wannan, don gaskiya ce. Na tambaye shi yadda suka yi suka kama shi, tunda na san Duna ba ya yarda baƙo ya taɓa shi.

“Ba a sha wahala ba. Gefe na ce masa, ya bi ni har bakin motar. Na ce Juya, ya ba su baya yana kallona, suka zura masa igiya.”

Tun ranar maganar nan ba ta bar kunnena ba. Habu ƙanina ne, nono ɗaya muka sha, in ya gaishe ni zan amsa, in ya kwanta ciwo zan je. Amma ya ci amanar mamaci da abin da mamacin ya koya masa a kan gadon ciwo, sannan ya yi shekaru yana kallon idona yana shirya min labari. Ban san ranar da zan sake jin magana daga bakinsa in yarda ba.

In an tambaye ni abin da ya rage na Yaya Garba, ba turke ba ne, don an gina shaguna a wurin. Abin da ya rage shi ne dattawan unguwar har yau in sun tuna shi sukan ce bai taɓa bari abinsa ya cuci maƙwabci ba. Ya riƙe haƙƙin kowa, mu biyu da ya fi yarda da mu muka kasa riƙe masa abu ɗaya.

Duk shekara nakan je maƙabarta, in na gama sallama da addu'a in ce a hankali, “Yaya, amanarka tana nan lafiya.” Sau shida na faɗa masa haka. Jiya ma na je. Na yi sallama, na yi masa addu'a, na daɗe a tsaye a rana. Ban ambaci amanar ba, na kama hanyar tasha.