Ranar da Iya Ta Roƙi Hanya

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin titi, a wani ƙaramin ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. In babbar mota ta wuce da shanu ranar kasuwa, har kwanukan jeren Innarmu sai sun amsa. Mu yara daɗin haka muke ji. Iya kuwa, kakarmu ta wajen uba, tsaki take ja ta juya wa ƙofa baya. Ban taɓa ganin wanda ya tsani abu marar rai kamar yadda Iya ta tsani hanyar nan ba, kuma ba ta ɓoyewa.

Ta riga kowa sanin hanyar. Ta ce tana yarinya turba ce kawai ta jakai da raƙuma masu saukowa da kanwa da gishiri daga Damagaram. Daga baya aka ce za a yi wa mota hanya, aka tattara mazan ƙauyuka, har da mahaifinta, suna ɗibar jar ƙasa a kwando a ka, har gashin tsakar kansa ya zube. Aka yi burji, aka zo aka shafa kwalta, kwaltar ta tsufa ta farfashe ta koma ramuka. A tsakanin nan ne ɗanta na fari, yayan Babanmu, ya bi wata motar shanu ya zama yaron mota, suka yi kudu. Bai dawo ba, ba a kuma kawo labarin mutuwarsa ba. Iya ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari, ba ta kuma zancensa. Mu a bakin Baba muka ji.

Da an idar da magariba, sai mu kewaye murhunta a ƙarƙashin rumfa, ni da ƙanina Sani. Takan tura kara a wuta, ta watsa ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, ta ce, “Ga ta nan tafe, ku matsa mata.” Mu ce, “Ta zo ta zauna.” Tatsuniyoyinta da yawa, amma wadda muka fi so, muka kuma fi tsoro, ita ce ta Ladi da hanya.

Wai wata yarinya ce Ladi, uwarta ta hana ta zuwa bakin ƙofa da yamma. Kullum rana ta yi sanyi sai hanya ta miƙo har dokin ƙofarsu, tana rera mata:

“Taka ni, Ladi, taka ni,
Gaba da zuma, baya ba komai.”

Ran nan Ladi ta ce bari ta ɗora ƙafa ɗaya ta ji. Ta ɗora, ta ji laushi, ta ƙara ɗaya. Tana tafiya hanya na naɗewa a bayanta kamar tabarma. Hanya ta ce ta ba ta takalminta, ta ba ta. Ta ce ta ba ta ɗankwalinta, ta ba ta. Ta ce ta ba ta sunanta, ta ba ta. Da ta rasa abin bayarwa, sai hanya ta naɗe da ita ciki. Har yau uwarta na bakin ƙofa da ƙwaryar fura tana jira. A nan Iya ke kashe murya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu kuma mu ƙanƙame juna. Na hardace tatsuniyar nan tsaf, don ni tun ina ƙarama ba na barin kuskure ya wuce, shi ya sa Iya ke ce mini uwar iyayi.

Shekarar da aka zo gyaran titin, an kankare tsohuwar kwaltar, an jibge jar ƙasa tsibi-tsibi, an yanke hanyar a wuraren da za a sa kwalbati. Motoci sai dai su sauka su bi ratse ta cikin gonaki su sake hawa. Da rani yashi ya riƙe su, da damina taɓo. A daminar nan ce Innarmu ke da tsohon ciki.

Naƙuda ta kama ta tun safe. Gwaggo Laraba, ungozomar ƙauyenmu, ta shiga ɗakin ta daɗe. An yi ruwa da azahar kamar da bakin ƙwarya. Bayan la’asar ta fito, ta ce wa Baba, “Malam, wannan ya fi ƙarfina. Yaron a gicciye yake. A nemi mota.”

Baba ya dubi Iya. Kowa ya san yadda take da hanya, kuma a gidanmu ba a fitar da mai naƙuda sai da yardarta. Iya ta ce, “Me kake kallona? Jeka!”

Aka samo a-kori-kurar wani maƙwabcinmu, aka shimfiɗa katifa a baya, aka ɗauko Innarmu a tabarma. Ba ta kuka, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Gwaggo Laraba ta hau kusa da ita. Mai motar ya ce da Baba a hankali, amma na ji, “Ratsen can na gaba ya cika da ruwa. Sai dai mu gwada.” Baba ya shiga gaba, suka tafi. A lokacin wayar hannu ba ta shigo ƙauyenmu ba, wanda ya tafi ya tafi ke nan sai ya dawo da bakinsa.

Iya ta yi magariba ta daɗe a kan buzu. Ta hura wuta da jiƙaƙƙen kara, da ƙyar ta kama. Ba wanda ya ci tuwo. Sani, da bai san me ake ciki ba, ya fara rigimar ina Inna. Iya ta ce bari ta yi masa ta kura da akuya, ya ce ba ya so. Ta ce ta makaho da kuturu, ya shure ƙasa. Shi dai ta Ladi. Ya ɓare baki yana ihu har maƙwabta na ji, Iya kuma hankalinta ba ya jikinta, sai kawai ta fara.

Ta rera waƙar. Ladi ta ɗora ƙafa, ta ba da takalmi, ta ba da ɗankwali. Sai na ji muryar Iya ta tsaya cak. Ta zuba wa wuta ido, karan da ke hannunta na ci har ya kusa yatsunta ba ta sani ba. Can ta ci gaba, amma da wata magana dabam. Wai Ladi ta gamu da wani mai raƙumi, ya ɗora ta, suka yi ta tafiya.

Na ce, “Iya, ba haka take ba. Babu mai raƙumi. Sunanta za ta bayar, sannan hanya ta naɗe...”

Tafin hannunta ya rufe mini baki da ƙarfi, har na ji ɗanɗanon toka. Iya ba ta taɓa dukana ba, amma ranar idonta ya fi mari.

“Tofar da shi,” ta ce. “Tofar da yawun nan maza, uwar iyayi. Baki shi ke yanka wuya.”

Na tofar a gefen murhu. Sai a lokacin na gane abin da ta riga ni ganewa: Innarmu na kan hanyar nan, mu kuma muna zaune muna ba da labarin wadda hanya ta haɗiye. Na so in ce ta bar tatsuniyar, amma Iya ba ta yarda a bar Ladi a tsakiyar hanya ba, kuma ba ta yarda ta kai ta inda ta saba kai ta ba.

Sai ta ci gaba da tafiya da ita. Ladi ta wuce kukar bakin gari. Ta wuce gonar liman. Ta wuce rijiyar da Fulani ke shayar da shanu. Na san wuraren nan duka, ba na tatsuniya ba ne, hanyar Gumel ce. Iya na kiran su ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar mai raka baƙo. Sani ya yi barci a cinyata. Aka kira isha, ta tashi ta yi, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Hadari ya sake haɗowa daga gabas, ana walƙiya. Kowace ƙara muka ji daga titi sai mu ɗaga kai, ta wuce, mu sunkuyar.

Da Ladi ta iso inda aka yanke hanya, ruwa ya cika ratse, raƙumi ya durƙushe ya ƙi tashi. Iya ta ce sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin gero, ta durƙusa a gaban hanya. Daga nan ta daina kallona. Ta juya ta fuskanci ƙofar gida, abin da ban taɓa ganin ta yi a zaman hira ba.

“Tsohuwa ta ce, ke hanya, ubana ya ɗauko miki ƙasa a kansa, ba ki gode ba. Na ba ki ɗaya, ban tambaye ki ina kika kai shi ba. Na zage ki, na sani, ki yafe. Wannan ’yar mutane ce, amana ce a hannuna. Ki bar ta ta wuce. Don Allah ki bar ta ta wuce.”

Hawaye na bin tsagar fuskarta. Ni ma kuka nake, ba sauti, don kada Sani ya farka. Ta ja numfashi ta ce raƙumi ya yunƙura ya tashi, Ladi ta haye, ta hango fitilun gari. Muka zauna, wuta ta koma garwashi.

Hasken babur ne ya fara dukan katangar zaure. Baba ya shigo shi kaɗai, taɓo har gwiwa, ba hula. Iya ta riƙe gefen zaninta.

Ya ce, “Iya, ta sauka. Namiji. Suna asibiti, an ƙara mata jini, har ta yi magana.”

Motar ta kafe a ratsen, in ji shi. Ma’aikatan titi da ke kwana wajen injinansu suka fito, suka sa kafaɗa tare da shi, suka ƙi bari har ta fita. Ko jijjigar ce, ko ikon Allah kai tsaye, yaron ya juyo, Gwaggo Laraba ta karɓe shi a bayan mota kafin su hau titi.

Iya ta yi hamdala ta goge fuska. Sannan ta yi tambayar da tsohuwa kaɗai za ta tuna. “Ina aka binne mabiyiyar?” A gidanmu ta kowa a bayan ɗaki take, da hannunta ta binne tawa da ta Sani.

Baba ya sunkuyar da kai. “A can gefen hanya, cikin sabuwar jar ƙasar. Ba yadda za mu yi.”

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, “To, hanya ta zama ’yar gida ke nan. Ba a zagin ƙasar da ta riƙe cibiyar jika.”

Bayan damina aka malala kwalta a wurin. Iya ta rayu ta ga an gama aikin, an faɗaɗa titin, an yi masa farin layi, amma ba ta sake yi mana tatsuniyar Ladi ba, ko mun roƙa.

Na daɗe ina zaton darasinta shi ne yaro ya ji maganar uwarsa ya zauna a gida. Yanzu da na haifa na san tsoro ne kawai Iya ta rasa inda za ta ajiye, ta zuba shi a tatsuniya. Aure ya kawo ni Kano, ɗana na fari kuma ya fara bin wani kawunsa kasuwar Maigatari. Ban hana shi ba, na ga inda hani ya tsaya. Amma duk ranar da ya fita, ina wanke-wanke ina bin sa da baki: yanzu sun kai Gagarawa, yanzu sun shiga Gumel, yanzu sun wuce ƙofar gidanmu. Ba na yin shiru sai ya kira ya ce, “Umma, mun sauka.”