Akwatin Ƙarfen da Na Samu da Araha

Farkon bana direbobin tashar Arlit suka ba ni aikin ajiye musu takardu, sai ordinata biyun shagona, wato kwamfutoci, suka gaza. Sun tsufa, in ka kunna su za ka je Agadas ka dawo ba su gama miƙa ba. Ƴata ta fari, wadda ke buga takardu a shagon, ta ce sai mun sayi sarba, babbar na'urar da ke riƙe komai wuri ɗaya, ana girka ta cikin dogon akwatin ƙarfe.

Na tambayi wani ɗan kasuwa Bakano. Haɗaɗɗiya da akwatinta, kuɗin da ya faɗa zai sayi raƙuman Gugaram duka har da makiyayan. In kuwa na sayi kayan cikin ɗai-ɗai muka haɗa da kanmu, rabi ne.

"Baba, haɗaɗɗiyar tana da garanti," in ji ƴata.

"Ni ma ba ni da garanti, amma shekara talatin uwarki ba ta mayar da ni ba."

Kayan suka iso, ta haɗa su cikin kwana biyu. Saura akwati, nan na nuna wayona. A garinmu ba kowa ke sayen sabon ƙarfe ba. Ƙofa, gado, har tukunya, daga tsofaffin ƙarafan mahaƙa ake ƙera su, ba mai tambayar ta wace ƙofa suka fito. Mai walda ya zaɓo mini farantan ƙarfe masu kauri, ya yi akwatin da ko babbar mota ta taka shi, ita za a kai gyara. Muka kafa shi bayan kujerar ƴata don waya ta kai. Wata biyar tana jingina da shi, ciki ya fara yi mata nauyi, tana cewa ɗuminsa na rage mata ciwon baya. Duk wanda ya shigo sai ya sha labarin arahata.

Wata rana da hantsi wani tsohon Buzu da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin mahaƙa ya kawo takardun asibiti a yi masa kwafi. Yana tari ƙasa-ƙasa. Na soma labarin. Ya shafa wata lamba da fenti bai rufe ba a jikin akwatin, sannan ya ciro wani abu kamar ƙaramin rediyo. Daga bakin ƙofa abin na ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. Da ya matsa kusa da akwatin, sai ka ce ana suyar gugguru.

Na ce, "Baba, rediyon nan naka bai kama tasha ba."

Bai yi dariya ba.

"Gubar uraniyum yake aunawa. Wannan ƙarfe daga inda ake wanke dutse ya fito." Ya juya ga ƴata. "Yarinya, wata nawa ne?"

"Bakwai, Baba."

"Tashi daga wurin."

Ta tashi a hankali, hannunta a kan cikin.

Na kira direbobi, mu huɗu muka ja akwatin waje, tsohon ya hana a mayar wa mai walda, kada ya zama gadon wani. Sarbar yanzu tana kan teburin katako, tana aiki lafiya lau. Likita ya duba ƴata, ya ce bai ga komai ba, amma ba zai yi alkawari ba sai an haihu.

Saura sati uku ta haihu. Jiya Bakanon ya tare ni a tasha, yana zolaya, wai a ƙarshe nawa sarbar ta tsaya mini. Na ce masa ban sani ba tukuna.