Na Kai wa Malam Hamidu Zanensa Jidda

Funtuwa zuwa Kano

Ina idar da sallar asuba na fita, gari bai gama wayewa ba, jaka a kafaɗa, ƙaramin akwatin ƙarfe a hannu. Niyyata biyu ce: in yi Umara, in kuma ga wani mutum da ban taɓa gani ba amma na san hannunsa tun ina yaro.

Abin da ke cikin akwatin tsofaffin mujallun yara ne na Larabci, masu ba da labari cikin zane, bugun Sudan na shekarun 1950. Kawuna ne ya fara kawo mini su da ya dawo daga gabas ta ƙasa. Na girma, na zama malamin Larabci a firamare, amma ban daina bin alhazai da masu tsofaffin littattafai a kasuwar Kurmi ina cigiya ba. Labari ɗaya nake bi a cikinsu, na wata mai sayar da gyaɗa a bakin kogi da jakinta mai taurin kai. Mai zanen yakan sa sunansa a ƙasan shafi: Hamidu. Tun farko na ce wannan namu ne, don ɗaurin ɗankwalin matar irin na gida ne. Daga baya wani alhaji ya tabbatar mini cewa Bahaushen Sudan ne, ya koma Jidda, yana rubuta allunan shaguna a unguwar Hindawiyya.

A tasha direba ya miƙo hannu. "Malam, kawo akwatin a ɗaure a sama."

Na ce, "Wannan a cinyata zai zauna."

"Zinariya ce?"

"Takarda ce, kuma ga hadari can."

Ruwan kuwa ya tare mu kafin Zariya, ya raka mu har Kano. Na kwana a Fagge wurin wani abokin karatu, kashegari ya kai ni filin jirgi.

Saukar Jidda

Ana buɗe ƙofar jirgi wani zafi mai danshi ya lulluɓe ni, nan take rigata ta manne a jiki. A layin binciken kaya gabana ya yi ta faɗuwa, don an gaya mini akan riƙe abin da ke da hotunan mutane. Ma'aikacin ya ɗaga murfin akwatin, busasshen ganyen darbejiya da nake sawa saboda ƙwari ya zubo masa a tebur.

Ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan.

Na ce masa da Larabcin makaranta mujallun yara ne, tsofaffi. Ya kira na gaba da shi. Wannan ya lashi yatsa ya riƙa juya shafi da ƙarfi, har gefen ɗaya ya ɗan yage. Na ji abin har cikin raina. Can ya ture mini su. "Halas. Yalla," wato shi ke nan, in wuce.

Hindawiyya

Na sauka wurin Alhaji Sale, tela ne ɗan garinmu da ya daɗe a can. Ɗakinsa na bayan shago, fanka na juyawa a sama tana ƙara. Da safe muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, sannan ya ja ni cikin lunguna zuwa shagon Malam Hamidu.

Muka tarar wani ne a ciki yana gyaran rediyo. Wani dattijo maƙwabcin shagon ya ce, "Baffa Hamidu? Ai ya faɗi tun bara, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa Sa'adiyya ta ɗauke shi zuwa Abhur. Mijinta direba ne a gidan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan."

A hanyar komawa Alhaji Sale ya riƙa nuna mini allunan da ya rubuta, na mai aski, na mai turare, na mai gasa burodi. Ko bai nuna ba da na gane su. Yadda yake jan wutsiyar harafi, haka yake jan wutsiyar jakin nan. Na tambaya ko yana zana mutane. Alhaji Sale ya ce tun da ya san shi bai taɓa ganin ya zana ko kyanwa ba.

Abhur

Kashegari da hantsi muka ɗauki tasi muka yi arewa. Gari ya ƙare, sai rairayi da teku a hagu, sai manyan gidaje jefi-jefi. Direban ɗan ƙasar Yaman ne, ya yi ta tambayar wurin wane attajiri za mu. Da muka ce ɗakin direba muke nema, bai ƙara magana ba.

Ɗakin yana bayan katanga, kusa da garejin mota. Mijin Sa'adiyya ya shigar da mu, ya koma bakin aikinsa. Na ga wani tsoho siriri a kan gado, hannunsa na dama a kwance bisa ƙirji kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, daga Nijeriya na zo. Ni mai karanta labarin mai gyaɗa ne."

Ya daɗe yana kallona. Maganarsa ba ta fita sosai, sai Sa'adiyya ta riƙa maimaita mini daga bayan labule. Cewa ya yi, "Akwai wanda ya tuna?"

Na buɗe akwatin na ɗora masa mujalla ta farko a cinya. Bai fara dubawa ba, sai da ya ɗaga ta da hannun hagu ya shinshina. Takardar ta yi ruwan ƙasa, launi biyu ne kawai a ciki, baƙi da ja. Ya sa yatsa inda jan ya zarce layi a zanen mai gyaɗa, ya girgiza kai.

Sa'adiyya ta ce, "Wai masu bugawa ne suka ɓata masa. Wai kullum sai sun yi faɗa."

Na ce, "Baba, ni kuwa wannan zarcewar nake dubawa in gane bugun farko."

Ya yi dariya da rabin baki. Na faɗa masa abin da na daɗe ina son faɗa: yadda yake zana hannun mai awo har ka ji nauyin gyaɗar, da yadda na gane ranar da wani ya karɓi labarin, don kunnuwan jakin sun koma na kare. Nan ma ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi.

Sai na tambaye shi dalilin da ya sa ya bar zanen labarin, na kuma tambaya ko yana da fitowar da na rasa. Ya rufe ido. Sa'adiyya ce ta amsa.

"Ustaz, ba shi da ko warga, ko shafi ɗaya. Da za su ƙetaro daga Sudan, ummina ta yi zazzaɓi a bakin teku suna jiran jirgin ruwa, ta rasu a can. Ni ina goye. Sanduƙin zanensa kuma ruwa ya shiga a cikin jirgi, duka ya lalace. Daga nan bai sake zana fuska ba."

Ta ƙara da cewa, "Yakan ce mai gyaɗar nan fuskar ummina ce. Ba mu da hotonta. Mumkin, zan iya gani?"

Na zaɓi wadda fuskar ta cika rabin shafi, inda jaki ya cinye mata haja tana dariya. Na miƙa ta gefen labule. Ta karɓa. Can muka ji muryarta ta canja, tana tambayar mahaifinta.

"Abuya, haka take dariya?"

Wannan karon na ji amsarsa da kaina. "Ta fi haka. Takardar ce ba ta isa ba."

Sa'adiyya ta fashe da kuka. Alhaji Sale ya tashi ya fita waje. Ni dai na sunkuyar da kai ina tattara ganyen da ya zube a tabarma, don ban san inda zan sa idona ba.

Na zo da burin ya sa mini hannu a kan ko guda ɗaya. Da na dubi hannun nan na dama, na haɗiye maganar. Da la'asar aka kawo shinkafa da kifi, muka ci kaɗan. Da za mu tafi na ce zan bar akwatin aro, in na dawo daga Makka in karɓa. Sai da na nanata kalmar aro, don raina bai yarda da fiye da haka ba.

Makka da dawowa

Na shiga motar haya zuwa Makka da harami a jikina. Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, na yi aski, na ƙara 'yan kwanaki ina salloli a Harami. Na yi wa Malam Hamidu addu'ar samun sauƙi, ban san an riga an binne shi ba.

Alhaji Sale ne ya tare ni da labarin a ƙofar shago, igiyar awo a wuyansa. Ya ce ciwon ya sake bugunsa 'yan kwanaki bayan tafiyata, bai kwana biyu ba ya rasu. Muka sake ɗaukar hanyar Abhur, wannan karon don ta'aziyya.

Bayan addu'a Sa'adiyya ta turo akwatin ta ƙarƙashin labule. Ta jera su yadda na jera, ta naɗe da sabon ƙyalle.

Ta ce, "Kullum sai ya sa na buɗe masa. Yana nuna mini, wannan gidanmu ne, wannan maƙwabcinmu ne. Abin da bai taɓa faɗa mini ba duk ya faɗa. Ga amanarka, ustaz. Allah ya saka."

Na ɗora hannu a kan murfin. Shekara da shekaru nake tara su. Na san wadda na samo wurin mai ƙosai tana shirin naɗe ƙosai da ita, na san wadda na yi tafiya har Gusau saboda ita. Na kuma san iskar Abhur. Gishiri da danshin teku za su cinye takardun nan cikin 'yan shekaru, alhali a Funtuwa za su iya kai wa jikokina. Duk na faɗa wa kaina wannan. Sai na tura akwatin ya koma ta inda ya fito.

"Ki riƙe. Na gidanku ne."

"La, wallahi ba zan iya ba."

"Ki dai nisanta su da bango, kada rana ta taɓa su. Ki riƙa canja ganyen in ya ruɓe. In za ki juya shafi, ki kama daga sama."

Ta miƙo hannu ta ƙarƙashin labule. Na ga akwatin ya shige ciki a hankali.

Komawa gida

Alhaji Sale ya raka ni filin jirgi da jarkar zamzam da ƙullin dabino. Babu wanda ya tsayar da ni a wurin bincike. Muka sauka Kano da rana, na sami motar Funtuwa ta cika saura mutum ɗaya.

Mun wuce Zariya, ina kallon gonakin dawa ta taga, sai wani abu ya faɗo mini. Na san fuskar matar nan fiye da ta wasu dangina. Na zauna da mijinta, na ji kukan 'yarta, amma ban tambayi sunanta ba.

Na isa gida ana kiran magariba, na tarar da iyali lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji Sale da ya rufe shagonsa saboda ni har sau biyu. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Malam Hamidu a addu'a, shi da matarsa. Allah ya san sunanta.