Furar da Malam Sannu Ya Ƙi Sha

Akwai wata Litinin da har yau ba ta fita kaina ba, ranar da za a zuba kankaren shato a wani ƙauye gabas da Gazawa. Ku yaran garaji kullum kuna tambaya ta yadda ake aiki da baƙi. To ku saurara, sau ɗaya zan faɗa.

Lokacin ina shofer a wani proje na ruwan sha, buronmu, wato ofishinmu, yana Agye. Shato, ga wanda bai sani ba, tankin ruwa ne da ake ɗorawa sama bisa ginshiƙai, ƙarƙashinsa a sa famfuna, mata su zo su ɗiba. Tsarin aikin kuwa shi ne ɗan kwangila ya ɗaure rodin ginshiƙai, anjiniya ya zo ya duba, in ya yarda sannan a zuba kankare. Da an zuba, magana ta ƙare. Abin da ke ciki sai Allah, sai kuma ranar da ya faɗo kan mutane.

Anjiniyan da nake tuƙawa ɗan Japan ne, ɗan siriri, mai tabarau. Sunansa yana da wuyar riƙewa, sai mutanen ƙauye suka sa masa Malam Sannu, don ita ce Hausar da ya iya, kuma ba ya rowarta. Akuya ma in ta gifta sai ya yi mata sannu. Ni da shi muna magana da faransanci, nawa na aji uku a lakol, wato makarantar boko, nasa bai fi nawa ba da komai. Mun fahimci juna dai.

Ɗan kwangilar kuma Alhaji Sabo ne, mutumin tsallaken iyaka, ƙato, mai fara'a da kyauta. Shi ba ya jin faransanci, Malam Sannu ba ya jin Hausa. Abin da ya rage tsakaninsu turancin Ingilishi ne, kuma nan ne aiki ya tsaya.

Tun zuwanmu na farko bayan an fara ɗaure rodi, Malam Sannu ya tsuguna, ya auna, ya sake aunawa. Ya miƙe, ya karkata kai, ya ja iska ta haƙora, ya ce wa Alhaji wani abu a hankali. Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Aka kawo fura a ƙwarya, ya sha, don yana son fura ƙwarai. Muka tafi.

A mota na tambaye shi abin da ya ce.

"Na ce masa akwai ɗan wuya."

"Wuyar mi?"

Ya ce rodin ya yi siriri, ba wanda aka ce a sa ba ne, kuma in tanki ya cika ruwa ginshiƙan ba za su daɗe ba. Ya ce a garinsu ba a ce wa babban mutum aikinka bai yi ba. In ka ce akwai ɗan wuya, ka ja iska, mutum zai koma gida ya kasa barci, gobe ya warware aikin da kansa.

Na ce masa Alhaji zai yi barci har da minshari.

Muka koma, rodi yana nan. Ya sake cewa akwai ɗan wuya, ya ƙara da cewa a yi tunani. Alhaji ya ce ai kullum cikin tunani yake. Aka kawo fura.

Za ku ce me ya hana ni faɗa wa Alhaji da Hausa. Ni shofer ne. Ban san rodi ba, kuma ba a tambaye ni ba. Shofer da ya sa baki tsakanin anjiniya da ɗan kwangila, shi ake sallama, su kuma su shirya.

Daga nan Malam Sannu ya shiga karatu. Ya samo wani darasi a salularsa, na 'yan Japan masu son koyon yadda ake suka da turanci. Muryar wata mace ce, ta faɗi kalma da yarensu, ta faɗa da turanci, shi kuma ya maimaita. An jera kalmomin daga mai sanyi zuwa mai zafi. Akwai ta cewa da sauran gyara, akwai ta cewa bai isa ba, da ta sakaci, da ta ba za a karɓa ba, can ƙarshe kuma ta abin kunya. Yana fassara mini kowace, ko ban nema ba.

Abin da ya rasa shi ne wanda zai gwada a kansa. Ni ne a kusa.

Daga Agye zuwa Gazawa zai juyo ya dube ni, ya ce da turanci tuƙina sakaci ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Isufu, darasi ne." Ya ce shayina ba za a karɓa ba, ya shanye, ya ba da haƙuri. Ranar da muka je Gidan Rumji ɗauko kaya, jaki ya tare mana hanya bakin kasuwa, ya sauke gilashi ya gaya masa cewa halinsa abin takaici ne. Jakin bai matsa ba. Na ce a raina, to, ga amsar Alhaji tun yanzu.

Kalmar abin kunya ce kaɗai bai taɓa gwadawa a kaina ba. In muryar ta kawo ta, sai ya faɗe ta can ƙasa-ƙasa yana kallon taga.

Ranar Litinin ɗin muka iso da hantsi. An tara yashi da tsakuwa, an jera buhunan siminti, leburori na tsaye da shebur. Mai gari ya zo da dattawansa an shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin gawo. Mata kuma na can gefe, wasu har da jarkoki, kamar ruwan yau zai zo.

Malam Sannu ya duba rodi. Shi ne dai. Ya je gaban Alhaji ya tsaya ƙyam, ya fara. Na san kalmomin, don an gwada su a kaina, ban da ta ƙarshe. Ya taso daga mai sanyi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda muryar take jera su, har ya kai ta ƙarshen. Sai dai duk yana murmushi, muryarsa ba ta tashi ba, kuma bayan kowace kalma sai ya sunkuya.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Sai ya tafa hannu, ya juyo gare ni.

"Kai Isufu, mutumin nan turancinshi ya ƙaru! Dama an ce mani karatu yake a mota. Wallahi ya yi ƙoƙari." Ya ɗaga murya: "Ku kawo ma Malam fura, ya sha mu fara!"

Ba wai bai ji kalmomin ba. Anjiniyoyin da ya saba da su, in aiki bai yi ba, tun daga cikin mota suke fara ihu, su sa ƙafa su shure bulo. Wanda ke murmushi yana sunkuyawa, a wurin Alhaji, hadda yake kawowa.

Aka kawo ƙwarya, Alhaji ya karɓa da kansa ya miƙa masa. Malam Sannu ya dubi furar, ya dubi rodin, ya dubi matan can. Ya sa hannu biyu ya mayar da ƙwaryar. Ko sannun nan tasa babu. Ya je ya zauna kan bulo ya juya baya.

Alhaji na tsaye da ƙwarya a hannu, gaban leburorinsa, gaban mai gari. Ku kun san abin da wannan ke nufi a nan. Baƙon da ya saba shan furarka ya mayar maka da ita a bainar jama'a, ba sai an yi maka fassara ba.

Mai gari ya yi gyaran murya. "Alhaji, mi ke tsakaninka da baƙonmu?"

Alhaji ya zo kusa da ni, fara'ar nan duk ta tafi. "Isufu, don Allah, mi na yi mashi?"

To yanzu an tambaye ni.

"Ranka ya daɗe, ya ce rodinka ya yi siriri. Ya ce in tanki ya cika zai faɗo kan masu ɗibar ruwa."

"Da irinshi na gina bene a garinmu!"

"Ni ban san rodi ba, Alhaji. Abin da ya ce ke nan."

"To mi ya hana shi faɗi?"

"Tun kaka yake faɗi. Yanzun nan ma ya faɗa, ka tafa mashi."

Mai gari ya ce, a hankali, matansa biyu da jikokinsa a nan za su ɗibi ruwa.

Alhaji ya ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ya yi faɗa, amma da maginansa ya yi, waɗanda shi ya ba su rodin. Ya ce a mayar da siminti cikin ɗaki, a warware komai. Da aka kawo rodi mai kauri aka ɗaure, muka dawo, Malam Sannu ya auna, ya ce a zuba. Aka kawo fura. Kowa ya zuba masa ido har sai da ya kai ludayi baki.

A hanyar komawa ranar Litinin ɗin nan na tambaye shi dalilin da ya ƙi sha. Ya ce cikinsa ne ya ƙulle, ko ruwa ba zai wuce ba. Sai ya ɗaga salularsa ya ce darasin nan yana da kyau ƙwarai, kalmomin sun ɗan jima kafin su shiga Alhaji, amma sun shiga. Ya sauko da kashi na biyu na darasin a salular. Har ya bar ƙasar nan ana gwada shi a kaina. Ban gaya masa furar ce ta yi aikin ba. Bai tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, kowane gari da inda yake jin suka. Wani a kunne, wani a ido, mu kuma a ƙwarya. In kuna tuƙa baƙo, ku lura da abin da yake son faɗi ya kasa, ku tsaya kusa da inda za a iya tambayar ku. Shaton yana nan tsaye. In kun bi hanyar, ku tsaya ku sha ruwa, kuma in an ba ku fura, ku sha.