Ba a Girbin Tamakka

A gidanmu in aka ce waƙa, kalangu da roƙo ake nufi. Shi ya sa ranar da ƙanwata mai bakin tsiya ta gaya wa Baba zan yi waƙa gaban jama'a a Maraɗi, sai ya aje butarshi ya ce shi bai haifi maroƙi ba. Na yi bayani har na gaji: rubutacciya ce, karantawa ake, ba kiɗi. Ya ce zai zo ya gani da idonshi, in ya ji ganga ko ɗaya to na bar abin har abada. Ina mushe a lakwal, wato malamin makaranta, da 'ya'ya biyu, amma wallahi dole na amince da sharaɗinshi.

Wurin sabo ne, tsohon ɗakin ajiyar hatsi a unguwar Zariya ta Maraɗi da matasa suka share suka shafe da farar ƙasa. Har lokacin ƙanshin gero bai fita ba. Bayan la'asar aka fara. Wata ɗaliba ta karanta tata da Faransanci, wani tela daga Tibiri ya rera ta yabon allura, mutane suka yi ta dariya. Ana cikin haka moton kabu-kabu, babur ɗin haya, ya sauke Baba daga garinmu Jiratawa. Ya ƙi kujera, ya zauna kan tabarma can baya, yana leƙen kowane lungu ko an ɓoye makaɗi.

Da aka kira ni, na miƙe na buɗe takardata. Waƙar ta gonarshi ce: ruwan da ke bin kwalbati da sassafe, taɓo a ƙafa, da tamakka, wato zogale, da aka ciyar da mu da ganyenta. Baiti uku suka wuce lafiya. A na huɗu na ce Baba ya duƙa yana girbin tamakka.

"A'a," in ji wata murya daga baya. "Ba a girbin tamakka. Yankan ta ake, ta sake toho."

Ɗakin duka aka fashe da dariya. Ni kuwa na ji haushi ƙwarai, don kwana uku na yi ina neman kalmar da za ta zauna a ƙarshen layin nan. Na ce a mikoro, cikin ladabi dai, ƙafiya ce ta ja. Baba ya ce shi bai san wata ƙafiya ba, gero ake girbi, kuma shi bai taɓa kashe tamakkarshi ba balle a faɗa gaban mutane. Telan Tibiri ya goyi bayanshi, munafuki. Dole na koma na ce yanka. Layin ya gurgunce, amma tafin da aka yi ban taɓa samun irinshi ba, ko da yake na san ba nawa ba ne.

Muka fito sallar magariba, yara suna ta gaishe shi kamar shi ya yi waƙar. Na raka shi bakin titi ina jiran hukunci. Sai da ya hau moto ya gyara babbar rigarshi sannan ya dube ni.

"Asabar ka zo gona da takardarka," ya ce. "Akwai wasu kalmomi biyu da na ƙyale ka don mutane. Gyara su za mu yi kafin ka sake tsayuwa."